Kififiya da Ƙaushin Baba Dutse

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da jiƙaƙƙen zane."

"Ta zo mu ji ta, mu shanya mata."

To, ku matso. Wanda ya san ƙafarsa da ƙaushi ya tura ta ƙarƙashin tabarma tun yanzu, don yau zance zai biyo ta kansa.

A can can da, tun duniya na kwance, bakin teku ba haka yake ba. Teku dai kun ji labarinta. Ruwa ne mai gishiri, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. A wancan zamani babu rairayi a bakinta ko na cika tafin hannu. Inda ruwa ya ƙare, nan dutse ya fara. Ruwa, dutse. Dutse, ruwa. Babu komai a tsakani.

Mai gaɓar wani tsoho ne, Baba Dutse. Ƙato ne, kansa a cikin gajimare, ƙafafunsa a bakin ruwa. Rowa kuwa, Allah ya yi masa ita. Hannunsa irin na jarirai, kullum a dunƙule. In tsuntsu ya sauka a kafaɗarsa, sai ya duba ƙafar tsuntsun kafin ya tashi, kada ya tafi masa da ƙwayar ƙasa.

Mai ruwan kuma Gwaggo Teku ce. Ita ba rowa ke damunta ba, tsabta ce ta yi mata yawa. Ko tsinke ba ya kwana a ɗakinta. Ta share da safe, ta share da rana, ta share da yamma, ta koma ta share inda ta tsaya ta yi sharar. Tana da 'yan mata uku, su ne igiyoyin ruwa. Babbar Tumbatsa, ta tsakiya Kumfa, autarsu Lallaɓa. Ba ta barinsu su leƙa waje, wai kada su kwaso mata datti.

Baba Dutse da Gwaggo Teku maƙwabta ne, amma ba sa ga-maciji. Ita ta ce shi ƙazami ne. Shi ya ce ita sarkin iyayi ce.

A tsakaninsu akwai wata baiwar Allah, Kififiya, 'yar'uwar kunkuru da ke zaune a ruwa. Ba ta da ƙarfi, ba ta da sauri, ba ta da dangi masu faɗa a ji. Abu ɗaya take nema a duniya: inda za ta saka ƙwanta ya ƙyanƙyashe, ta ga ɗanta da idonta.

Ta saka a kan dutse. Ƙwai ya gangara, gangar-gangar, ya fashe.

Ta saka a cikin ruwa. Kifi ya zo, laƙwam, ya haɗiye.

Ta saka a tsagin dutse. Hankaka ya hango, ya sauko ya yi kalaci, ya goge baki, har da ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙaro wani."

Kififiya ta yi kuka har ta gode Allah. Ana nan, ana nan, sai ga shi ta sake ɗaukar ciki. Ta ji nauyi a ƙarƙashin ƙoƙon bayanta, ta ce, "Wannan karon kam, in na rasa su, ni ma a rasa ni."

Ta rarrafa wurin Baba Dutse, ta durƙusa.

"Baba, barka da hutawa. Alfarma na zo nema. Ka ɗan gutsuro mini wani abu daga jikinka, mai laushi, in rufe ƙwaina."

Baba Dutse ya ce, "Daga jikin wa? Ke 'yar nan, ko ƙwayar zarra ba ki samu. Allah ya ba mu, mu samu."

Ta koma wurin Gwaggo Teku, ta durƙusa.

"Gwaggo, barka da aiki. Alfarma na zo nema. Ki ɗan ja da baya, ki bar mini busasshen wuri in saka ƙwaina."

Gwaggo Teku ta ce, "Ƙwai? A ƙofar ɗakina? Da ɓawo da ƙarni da ƙudaje? Ɗaga ƙafarki, kin taka mini inda na share."

Kififiya ta fito, ta raɓe a gindin Baba Dutse, ta rasa abin da ke mata daɗi. Tana nan zaune sai ta ji nishi daga sama.

"Wash! Wash, Allah!"

Ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba. Ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan ƙafafun tsohon. Kai, jama'a! Ƙaushi ne a dundunniyar nan, ƙaushi kan ƙaushi, kaka da kakanni. Faso kuwa ya tsage ta, har ƙadangare na shiga ya kwana. Duk sanda ruwan gishiri ya ɗan taɓa tsagar, sai tsoho ya ce wash.

Kififiya ta duba, ta sake dubawa. Sai ta yi murmushi, irin wanda ba ya kai wa haƙori.

"Baba," ta ce, "ni wani abu ke ba ni haushi a duniyar nan."

"Me?"

"Duk mai ƙaushi, da dutse yake gogewa. Mata a bakin rafi, da dutse. Manoma in sun dawo gona, da dutse. Kowa ya samu santsin ƙafa albarkacinka, amma kai ba wanda ya taɓa cewa, Baba kawo ƙafarka a goge."

Maganar ta shige Baba Dutse. Ya ce, "Wallahi kin faɗi gaskiya, 'yar nan. Mutanen duniya ba su da godiya."

"In ka yarda, ni zan samo masu goge maka."

Tsoho ya tsuke fuska. "Me za a ba su?"

"Ko sannu ba sai ka ce ba."

"Abin da aka goge fa, wa zai kwashe? Ni ba na son tarkace a gabana."

"Bar mini wannan, Baba. Ni zan ɗauke maka wahalar."

Marowaci in ya ji banza, ai har kunnensa rawa yake. Baba Dutse ya miƙe ƙafafu biyu, ya ce a zo bismilla.

Kififiya ta nutsa, ta sake samun Gwaggo Teku. Ta tarar 'yan matan nan uku sun cika ɗaki da tsalle-tsalle, uwar na binsu da tsintsiya tana faɗa.

"Gwaggo, 'ya'yan nan ai su ke ɓata miki shara. Ki bar su su fita ƙofar gida su yi gaɗa, ke ki samu ki gyara ɗakinki a tsanake. Ni zan sa musu ido."

Gwaggo Teku ta ce, "Kwashe su! Kwashe su, kaina zai tsage."

'Yan mata suka fito da gudu, suna guɗa. Tun da aka haife su ba su taɓa ganin rana ido da ido ba. Kififiya ta nuna musu ƙafafun tsoho, ta ce, "Ga wasan yau. Wadda ta fi iya goge ƙafar Baba, ita ce gwana, ita ke da albarkar tsoho."

Tumbatsa ta ce, "Ku kauce, ni ce babba."

Ta ja da baya, ta ɗaure zane, ta taho a guje tana waƙa:

"Goga, goga, 'yar Teku,
Goga ƙafar Baba.
In zo da gudu, in koma da baya,
Ƙaushin Baba ya faɗi."

Tim! Ta doki dunduniya. Ta koma, ta dawo. Tim! Ta koma, ta dawo. Tim! Tumbatsa ba ta san goga ba, duka ta sani. Ƙaushi ya riƙa ɓallowa manya-manya, wani ya kai turmi, wani ya kai rumbu, suna zubowa rigijib.

Baba Dutse ya ce, "Wash! A hankali, 'yar nan! Amma ci gaba, ana samun sauƙi."

Kififiya ta hau kan tarin, ta gwada tonawa. Farcenta ya karye. Cikinta kuwa ya ƙara nauyi. Ta ce a ranta, wannan ba makwancin ƙwai ba ne, makarar ƙwai ce. A fili kuma ta ce, "Sannu Tumbatsa, kin yi aikin manya. Saura wa?"

Kumfa ta ce, "Ni. Yaya ƙarfi gare ta, amma ba ta da dabara. Ai dutse da dutse ake gogewa."

Ta kwashi gutsattsarin da yayarta ta ɓallo, ta riƙa mirgina su a kan ƙafar tsoho, tana waƙa:

"Goga, goga, 'yar Teku,
Goga ƙafar Baba.
In mirgina nan, in mirgina can,
Ƙaushin Baba ya faɗi."

Ƙurgur, ƙurgur, ƙurgur. Wannan ya gogi wancan, wancan ya gogi wannan. Mai kaifi ya dakushe, mai kusurwa ya mulmule. Na turmi ya koma dunƙulen fura, na dunƙulen fura ya koma tsakuwa.

Baba Dutse ya lumshe ido, ya ce, "Yawwa. Nan, nan. Ɗan sama kaɗan."

Kififiya ta hau kan tsakuwa, ta gwada tonawa. Ta tonu, amma tana tonawa tana rufta mata, ga sanyi, ga tauri. Cikinta kuwa ya soma juyawa. Ta cije baki ta ce, "Sannu Kumfa, kin yi aikin masu hankali. Saura wa?"

Yayyen suka kwashe da dariya. "Saura Auta. Wannan da ko kara ba ta iya turawa?"

Lallaɓa ta matso a hankali, ta ɗebi tsakuwa cikin tafinta, ta shafa. Ta ja baya, ta dawo, ta shafa. Muryarta ma da ƙyar ake ji:

"Goga, goga, 'yar Teku,
Goga ƙafar Baba.
Ba na sauri, ba na fashi,
Ƙaushin Baba ya faɗi."

Shaa. Shaa. Shaa. Tumbatsa ta gaji ta kwanta, Lallaɓa na shafawa. Kumfa ta gaji ta kwanta, Lallaɓa na shafawa. Rana ta fito ta faɗi, ta fito ta faɗi, Lallaɓa na shafawa. Tsakuwa ta koma kamar tsakin dawa. Tsaki ya koma kamar gero. Gero ya koma gari, lukwi, mai sheƙi, wanda in ka damƙa sai ya zurare ta tsakanin yatsu.

Baba Dutse kuwa barci ya kwashe shi, har da minshari.

Kififiya ta taka garin nan, ƙafarta ta nutse. Ga laushi, ga ɗumi. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce, "Auta, Allah ya yi miki albarka. Bari in je in ɗan huta, gobe war haka na sauke nauyina."

Amma Kififiya ta manta da abu ɗaya. Yaro in ya samu abin wasa, ba ya barinsa a waje.

Da yamma Gwaggo Teku ta ƙwala kira. 'Yan mata suka tattara garin nan kaf, wannan ta ƙulle a zane, wannan ta cika ɗankwali, suka shige da shi ɗakin uwarsu, suka baza a ƙasa suna birgima.

Gari na wayewa Kififiya ta rarrafo, naƙuda ta fara taɓa ta. Ta duba gabas, dutse. Ta duba yamma, dutse. Wuri fes, kamar an lashe. A sama kuma ga Hankaka yana shawagi, yana cewa, "Ina kwana, Kififiya? Na ga alamar yau akwai karin kumallo."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta san ƙwan nan ba za su ƙara kwana a cikinta ba. Ta haɗiye kuka, ta juya, ta nutsa ƙasan ruwa.

Ta tarar da Gwaggo Teku a kishingiɗe kan garin, tana shafa shi tana murmushi. Karo na farko ke nan da aka ga tsintsiyarta a jingine.

"Salamu alaikum, Gwaggo. Kai! Sabon daɓe aka yi?"

"Ke dai bari. 'Ya'yan nan suka samo mini. Kin ga laushi? Kin ga fari? Har na ɗan shafa a fuska."

Kififiya ta ce, "Ya kuwa karɓe ki. Wallahi Gwaggo kin burge ni. Mutane na ta cewa kina da ƙyanƙyami, ashe sharri ne. Wa ya taɓa zaton ke za ki shimfiɗa ƙaushin Baba Dutse ki kwanta a kai?"

Gwaggo Teku ta tashi zaune. "Me na wa?"

"Ƙaushin Baba. Na dunduniya. Ai shi 'yan matan suka kwana biyu suna kankarewa. Wancan da ke kumatunki ma, ina jin na tsakanin yatsu ne."

Inna lillahi! Gwaggo Teku ta zabura ta yi ƙara, har kifaye suka watse. Ta tofar da yawu, ta wanke fuska, ta sake wankewa. Ta figi tsintsiya.

"Ku fitar mini da shi! Tumbatsa! Kumfa! Lallaɓa! Ku mayar masa da ƙazantarsa ƙofar gidansa! Ko ƙwaya kada ta kwana a ɗakina!"

Uwa na shara, 'ya'ya na turawa. Uwa na shara, 'ya'ya na turawa. Suka watso shi gaɓa, suka koma suka kwaso, suka watso. Kafin hantsi ya dubi ludayi, gari ya taru tsakanin ruwa da dutse, ya miƙe dama, ya miƙe hagu, iyakar ganin ido. Rana ta haska shi, ya bushe, ya yi ɗumi. Shi ne rairayin bakin teku.

Kififiya ta fito tana numfashi sama-sama. Ta ja jiki zuwa inda ruwa ba ya kaiwa, ta sa ƙafafun baya ta fara tono. Ta tona, ta tona. Rami ya yi kyau, bai rufta ba. Za ta juya ta zauna ke nan, sai ta ji murya daga sama.

"Dakata!"

Baba Dutse ne ya farka. Ya ga abu shimfiɗe a gabansa yana walƙiya, tsuntsaye na sauka, ƙaguwa na tsere a kai. Rowa ta motsa.

"Wannan dukiya daga jikina ta fito. Tawa ce. Fita daga ciki, kuma ki karkaɗe ƙafarki kafin ki tafi."

Naƙuda ta murɗa Kififiya. Ta runtse ido har ta lafa, sannan ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Naka ne, ba mai ja. Amma dukiya irin wannan ai sai da shaidu, kada gobe wani ya ce tasa ce. Hankaka! Zo ka yi wa Baba shela."

Hankaka kuwa, in akwai abin da ya fi so a kan ƙwai, to gulma ce. Ya sauko fir. "Me zan ce?"

"Ka bi gari gari, ka bi tsauni tsauni, har wurin 'yan'uwan Baba na arewa. Ka ce kowa ya zo ya gani. An kankare ƙaushin ƙafar Baba Dutse, ya kai tafiyar yini ba a ƙure shi ba, kuma ya ce a shaida duk nasa ne, shi kaɗai ya tara."

Hankaka ya faɗi yana dariya, ya buɗe fiffike zai tashi.

Baba Dutse ya ce, "Kai! Kai! Dawo nan, ɗan banza! Ƙaushin wa? Wa ya ce nawa ne? Dubi ƙafata, sumul. Ni ban san abin nan ba, ban taɓa ganinsa ba. Daga ruwa ya fito, ku tambayi mai ruwa."

Daga can Gwaggo Teku ta amsa, "Allah ya kiyaye! Ba nawa ba ne!"

Kififiya ta ce, "To, tun da ba shi da mai shi, ni marainiya na ɗauka."

Ta ce wa Hankaka, "Kai kuma, tun da shela ta fasa, ko za ka kai wa kifaye labarin abin da Gwaggo ta shafa a fuska?" Hankaka bai tsaya jin ƙarshe ba, ya yi gaba, gulma na cin bakinsa.

Yana ba da baya ta zauna a ramin. Ta saka ƙwanta, farare, mulmulallu, ɗaya bayan ɗaya. Ta tura rairayi ta rufe, ta daddanna da ƙirji. Ta ja jiki ta koma ruwa. Lallaɓa ta biyo bayanta, shaa, ta shafe sawun.

Da Hankaka ya dawo, ya tuna da cikinsa. Ya caki nan, rairayi. Ya caki can, rairayi. Ya caki gaba, ƙaguwa ta damƙe masa baki. Ya tashi yana zage-zage, bai sake dawowa ba.

Sai jira. Kullum Kififiya ta fito da kai daga ruwa, ta dubi wurin. Shiru. Ta koma, ta sake fitowa. Shiru. Har zuciyarta ta fara raya mata, ko dai da hannunta ta binne 'ya'yanta da rai? Ta daina cin abinci. Ta rame, ƙoƙon bayanta ya yi mata yawa.

Ran nan da sassafe, ta ga rairayi ya ɗan motsa. Ta ce iska ce. Ya sake motsawa. Ta ce ƙaguwa ce. Sai ga ɗan kai ya ɓullo, bai kai ƙwallon goriba ba, da rairayi a gira. Ya yi atishawa. Wani ya ɓullo a bayansa, wani ya hau kan wancan. Kafin ka ce kwabo, wuri ya cika da 'yan kififiya, kowa na tuntuɓe da ɗan'uwansa, duk sun nufo ruwa.

Kififiya ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai na gaban ya iso, ya yi karo da hancinta, ya ɗaga kai ya ce, "Ke ce Innarmu? Matsa mana, ki koya mana iyo."

Har yau 'yan matan Teku ba su bar wasan nan ba, don ya shiga jikinsu. Suna nan suna goga, tsoho na nan yana miƙe ƙafa, Gwaggo na nan tana sharowa waje. 'Yan'uwan Baba na arewa ma da suka ji, suka sa ruwan sama ya riƙa kankare nasu, kogi na kwasa yana kaiwa bakin teku. Yashin rafinmu da kuke birgima a kai, a kan hanyarsa yake.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙaguwa. In ƙarya ce, ba ni na ƙaga ba, a bakin ruwa na tsinto ta, ruwa kuma ya shafe sawu. Abin da ƙarfi bai ƙwata ba, dabara na karɓa da sallama, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku tashi, kowa ya wanke ƙafa kafin ya hau mini tabarma.